Zauren Turanci: “Practice” ko “Practise”, da Sauran Tambayoyinku

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan kalma ɗaya suka taru, wato “practice”. Abin da Bature ya ɗure a cikin kalmar nan guda, Bahaushe ya rarraba shi a kalmomi biyar ko shida: atisaye, bita, al'ada, sana'a, aiwatarwa. Yawancin kurakuran da muke gani daga nan suke tasowa, mutum ya ɗauki kalmar bai tsai da wacce ma'ana yake nufi ba. Mun taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malamai. Ina aji shida a sakandare, ina shirin rubuta WAEC. Na rubuta “I practice English every day” a insha'ina, sai malaminmu ya zagaye “practice” da jan biro ya rubuta “practise”. Da na gwada a wayata, nawa ta karɓa, nasa kuma ta ja masa jan layi. Wa zan bi?
Wata ɗaliba, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Malaminki za ki bi. Wayar ma ba ƙarya ta yi ba, a kan Turancin Amurka aka saita ta.

A Turancin Ingila, wanda shi makarantun Nijeriya da Gana suke koyarwa, kalmomi biyu ne masu furuci iri ɗaya sak. Mai harafin c suna ce, mai harafin s aikatau ce. A ce “I need more practice”, ina bukatar ƙarin atisaye, da c, domin sunan abu ne. A ce “I practise every day”, ina atisaye kullum, da s, domin aiki ne ake yi. Amurkawa sun haɗe su, c suke sa wa duka biyun. Irin wannan bambanci na rubutu ya samu gindin zama tun bayan ƙamus ɗin da Noah Webster ya fitar a 1828, shi ya sa suke rubuta “color” da “center” inda Ingilishi zai rubuta “colour” da “centre”.

Tunda kunne ba zai taimake ki ba, ga dabarar da ta fi aiki. Cire kalmar, ki sa “advice” ko “advise” a gurbinta. Waɗannan biyu dokarsu ɗaya da waɗancan, amma su furucinsu ya bambanta: “advice” da sautin s take ƙarewa, “advise” kuma da sautin z. Ki faɗi jimlar da ƙarfi. “I advise every day” ya zauna a baki, “I advice” bai zauna ba, to s za ki sa: “I practise”. “I need more advice” ya zauna, to c za ki sa: “more practice”. Wasu malaman da wutsiyar kalmar suke tuna wa ɗalibai: “ice”, ƙanƙara, suna ce, “is” kuwa aikatau ce.

In kalmar ta biyo bayan “I”, “we”, “they”, “will”, “can” ko “should”, aikatau ce. In ta zo a farkon umarni, kamar “Practise these words”, aikatau ce. In an ɗafa mata “-ed” ko “-ing”, s ce kullum: “practised”, “practising”. Inda ake yawan zamewa shi ne “practice test”, “practice questions” da “teaching practice”. Dukansu da c ake rubuta su, domin suna ce ta jingina da wata suna.

Akwai misalin da ya haɗa dokar gaba ɗaya a wuri guda. Takardar izinin aiki da hukumar likitoci ta Nijeriya, MDCN, take sabunta wa likita kowace shekara, sunanta “practising licence”. Ta farko da s domin daga aikatau ta fito, ta biyu da c domin suna ce. Ba'amurke zai juya su duka biyu ya rubuta “practicing license”. Kin ga ke nan su ma Amurkawan ba c suke sa wa komai ba.

Gyaran waya ba wuya: shiga saitin madannin rubutu, wajen harsuna, ki zaɓi Turancin UK. A Microsoft Word kuma, ta “Review” ake shiga, sai “Language”, sai “Set Proofing Language”. Amma kada ki saki jiki. Da zarar kin koma Turancin Ingila, kalmomin biyu duk suna cikin ƙamus ɗin na'urar, saboda haka ko kin sa ɗaya a gurbin ɗaya ba lallai jan layi ya fito ba. A insha'in WAEC akwai makin da aka ware wa tsabtar rubutu, kuma kowane kuskure yana zaftare wani abu daga cikinsa. Abin da ya fi ɓata takarda shi ne gauraye: a sakin layi na farko “colour”, a na biyu “we practice”. Jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS na karɓar rubutun Ingila da na Amurka, amma ko a can gara mutum ya riƙe ɗaya daga farko har ƙarshe.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Gardama ta ɓarke a ofishin malamai a kan abin da za mu rubuta a bangon aji. Ni na ce “Practice makes perfect”. Abokin aikina ya ce nahawu bai yarda ba, domin “perfect” sifa ce, dole a ce “Practice makes perfection”. Wani kuma ya ce “Practice makes a man perfect” ya sani. Ku raba mu.
Wani malamin firamare, Gumel

Amsa: Barka kadai, Malam. Naka ne daidai, a rubuta shi haka kalma uku, ba ƙari ba ragi.

Abokin aikinka ya lura da wani abu na gaskiya, hukuncin da ya yanke ne ya kauce. Lallai “perfect” sifa ce. Sai dai “make” a Turanci tana da gini iri biyu. Akwai na ƙera abu, kamar “She makes bread”, inda suna ke biyo baya. Akwai kuma na mai da abu ya zama kaza, kamar “Tea makes him happy” ko “Rain makes the road slippery”, inda karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, ke zuwa sannan sifa ta biyo. Karin maganar nan a kan gini na biyu take. Cikakkiyar jimlar ita ce “Practice makes you perfect” ko “makes the work perfect”, sai aka jefar da karɓau ɗin, kamar yadda karin magana ta saba yi a kowane harshe. Mu ma muna cewa “gani ya kori ji”, ba wanda ya taɓa tsayar da mu ya ce ganin me, jin me.

“Practice makes perfection” ba za a ce nahawunta ya karye ba, amma ba ita ce karin maganar ba, kuma mai harshen da ya ji zai san an taɓa ta. Kamar baƙo ne ya ce maka “sannu-sannu ba ta hana isowa”. Ka gane nufinsa, amma ka san “zuwa” ake cewa. “Practice makes a man perfect” kuwa ta yaɗu sosai a makarantun Indiya da Pakistan, daga littattafansu da bidiyoyinsu take shigo mana. Ba ita ce sananniya a Ingila ko Amurka ba, ga shi kuma ta bar 'yan matan ajin a waje.

Kurakurai biyu ne suka fi fitowa a bangon makarantu. Na farko “Practice make perfect”, an yar da s ɗin “makes”. Aikau ɗin, wato “practice”, tilo ne, dole aikatau ta ɗauki s. Na biyu “Practise makes perfect”. A nan kalmar suna ce, saboda haka c ce, a Landan da New York baki ɗaya. Kafin mai fenti ya hau tsani, a rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe, domin gyaran fenti ya fi gyaran alli tsada.

Sai wurin amfani da ita. Maganar ƙarfafa gwiwa ce ga mai koyon abin da ake ƙwarewa a kai ta hanyar maimaici: tuƙi, ɗinki, buga kwamfuta, lissafi, karatu. Yaro ya kasa rubuta harafi sau uku, ka ce masa “Try again, practice makes perfect”. Ba a faɗa wa wanda ya yi asara a kasuwa, ko wanda ya faɗi zaɓe, ko mara lafiya. A can izgili za ta zama. In za a fassara wa yara, mafi kusa a Hausa ita ce “yau da gobe ke sa allura ginin rijiya”, ko a sauƙaƙe a ce da koyo akan iya. Kada a ba su “sabo turken wawa”, wannan zargi ce ga wanda al'ada ta ɗaure, ba yabon naci ba.

In tambayar insha'i ta ce a rubuta labarin da ke nuna gaskiyar wannan magana, ɗalibi ya kwafe ta yadda aka ba shi, harafi da harafi. Kuma labarin ya nuna mutum yana maimaita abu har ya gwanance. Da yawa sukan rubuta labarin wanda ya yi haƙuri ya samu arziki, wannan kuwa wata karin maganar ce daban.

Tambaya: Ina karatun NCE, na dawo daga TP, wato “teaching practice”. A rahotona na rubuta “I did many practices with the pupils” da “They practised to read”. Mai duba mu ya ja layi a ƙarƙashin duka biyun bai ce komai ba. Ina laifinsu?
Wani ɗalibi, Azare

Amsa: Ɗanmu, laifi biyu ne mabambanta.

Idan “practice” na nufin atisaye ko bita, Bature yana ɗaukarta kamar ruwa ko gari, abin da ake aunawa ba a ƙirgawa. Ana cewa “a lot of practice”, “more practice”, “some practice”, “not much practice”. In kana son ƙirge, sai ka kawo mazubi: “three practice sessions”, ko ka canja kalma ka ce “many exercises”. Jimlarka za ta koma “I gave the pupils a lot of practice”. Da zarar ka sa mata s ta jam'i, mai karatu zai fi karkata ga ma'anar al'adu da hanyoyin yin abu: “religious practices”, “farming practices”, “traditional practices”. Wanda ya ga “many practices with the pupils” zai iya tsayawa yana tunanin waɗanne irin al'adu ne kuka yi a ajin. Akan ji 'yan wasa, musamman a Amurka, suna cewa “two practices a week”, suna nufin zama biyu na atisaye, amma wannan bai shafi rahoton koyarwa ba.

Na biyu, “practise” tana cikin aikatan da ba sa karɓar “to” da wata aikatau a bayansu, sai mai “-ing”. 'Yan uwanta su ne “enjoy”, “avoid”, “finish”. Saboda haka “They practised reading”. Dalilin kuskuren shi ne an saba da “learn to read” da “try to read”, sai a zaci duk jirgi ɗaya ne. Za ka iya ganin “to” a bayanta idan dalili ake bayarwa, kamar “They practise to improve”, suna atisaye domin su ƙara ƙwarewa. Amma abin da ake atisayen a kansa, “-ing” yake ɗauka.

Ka kula da ƙananan kalmomin da ke bin ta. Harshe ko darasi kai tsaye ake kawo shi: “practise English”, ba “practise on English” ba, duk da cewa mu a Hausa “a kan” muke cewa. “Practise for” ta shiri ce, “practise for the competition”. “Practise with” ta abokin yi ce ko kayan aiki. “Practise on” kuwa ita ce a gwada hannu a jikin wani, yadda yaron mai aski ke koyo a kan ƙannensa: “He practised on his brothers”.

Tambaya: Ranku ya daɗe. Ni ma'aikacin gwamnati ne, nakan rubuta rahoton bita. Wanne ne daidai: “put to practice”, “put in practice” ko “practicalise”? Sannan shugabana ya goge mini “Practically, the policy is not working”, ya ce ba abin da nake nufi ke nan ba.
Wani ma'aikaci, Birnin Kebbi

Amsa: Tare da naka, Malam. Wadda ba a gardama a kanta ita ce “put into practice”, kuma abin da za a aiwatar yakan shiga tsakiya: “We will put the training into practice”, “put it into practice”. “Put to practice” haɗin gambiza ce, an ɗauko rabi daga “put to use” ko “put to the test”. “Practicalise” kuwa ta cika bakin masu taron bita a Nijeriya, kowa zai gane ka a Abuja, amma rahoton da zai fita waje a bar ta. “Implement”, “apply” ko “carry out” sun wadatar.

Shugabanka yana da gaskiya. Abin da kake nufi shi ne “a aikace”, Turancinsa kuwa “in practice”. Abokiyar tafiyarta ita ce “in theory” ko “on paper”, wato a takarda. “In theory, every ward has a clinic, in practice, many have no staff.” A takarda kowace mazaɓa tana da asibitin sha-ka-tafi, a aikace da yawa ba ma'aikata. Ba a sa mata “the”, ba a cewa “in the practice”.

“Practically” a bakin mai harshen galibi “kusan” take nufi. “The hall was practically empty”, zauren kusan ba kowa. “It is practically impossible”, kusan ba zai yiwu ba. Tana iya ɗaukar ma'anar “ta fuskar aiki”, kamar a “practically speaking”, amma in ta tsaya ita kaɗai sai ma'ana ta yi rawa, rahoton ofis kuwa ba ya son rawa. Ka rubuta “In practice, the policy is not working”.

Tunda rahoto kake rubutawa, ga wasu biyu masu kama da juna. “Practical” shi ne abin da ya shafi aiki da hannu ko mai amfani a zahiri. “Practicable” shi ne abin da zai yiwu a aiwatar, shi ya sa ta cika takardun doka: “as soon as practicable”, da zarar hali ya yi. “Best practice” kuma, wadda 'yan siyasa suka mai da ita gishirin jawabi, tana nufin hanyar da masu sana'a suka yarda ta fi inganci. In ka rubuta “in line with international best practice”, ka faɗi wacce hanya ce kuma a ina ake bin ta, in ba haka ba cika takarda kawai ka yi.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ajiye aiki shekara 3 saboda renon yara. A takardar neman aiki na rubuta “I have been out of practice for three years”. Ƙawata ta ce na kashe kaina da kaina. Haka ne?
Wata uwa, Gombe

Amsa: Hajiya, ki gode wa ƙawar nan. “Out of practice” ba ta tsaya ga cewa mutum ba ya bakin aiki ba. Ma'anarta ta yau da kullum ita ce ya daɗe bai yi ba har hannunsa ya yi nauyi. Direban da ya shekara bai taɓa sitiyari ba, ya tayar da mota ta mutu masa, shi ne zai ce “Sorry, I'm out of practice”. Kin ga kin shaida wa mai ɗaukar aiki da bakinki cewa allura za ta yi miki gardama. Ki rubuta “I took a three-year career break to raise my children and I am now ready to return to practice”. Lura da “three-year”, ba s, akwai karan ɗori a tsakani.

A nan “practice” ta ɗauki ma'anar sana'ar ƙwararru: likita, lauya, ma'aikacin jinya, akanta. “She has been in practice for 20 years”, shekararta 20 tana aikin. “He is in private practice”, zaman kansa yake ci, ba na gwamnati ba. Ana cewa “practise medicine”, “practise law”, ko “practise as a nurse”. “A practising lawyer” ba lauya mai koyo ba ne, wanda yake kan aikin ne, haka ma “a practising Muslim” shi ne mai riƙo da ibada. Tela da makanike da ɗan kasuwa ba a cika sa musu wannan kalma ba, “work as” ake cewa.

Tambaya: Da Faransanci na yi karatu, yanzu nake koyon Ingilishi saboda kasuwanci da Kano. Na ce wa wani “I practise football” ya tambaye ni wace gasa nake shiri. Ni kuwa ƙwallo kawai nake bugawa da yamma.
Wani matashi, Damagaram

Amsa: Ɗan'uwa, Faransanci ne ya ja maka. “Pratiquer un sport” na nufin mutum yana yin wasan a kai a kai. “Practise” ta Ingilishi kuwa ta fi kusa da “s'entraîner”, maimaita abu domin a ƙware. In ƙwallon yamma ce, “I play football”. Wasannin ƙwallo “play” suke ɗauka, irin su judo da karate “do”, masu ƙarewa da “-ing” kuma “go”: “go swimming”, “go running”. Ko atisayen ƙungiya ne, ɗan ƙwallon Ingila “training” zai ce, wadda ta zama tirenin a bakin yaranmu, Ba'amurke ne ya fi cewa “practice”. Amma in wani ɓangare na wasan aka ware ana maimaitawa, kowa “practise” zai ce: “practise penalties”, atisayen bugun fenareti.

Haka “c'est pratique”. In kana yabon waya ko jaka, “handy” ko “useful” ko “practical” za ka ce, in lokaci ne ko wuri, “convenient”. “It is practice” ba ta da wannan ma'ana ko kaɗan.

Tambaya: Wani abokin ciniki ya rubuto mini cewa ba ya son “sharp practice”. Na ɗauka yabona yake cewa ina da kaifin basira, sai ɗana ya ce zagi ne. Kuma zan iya mayar masa da “Practise what you preach”?
Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano

Amsa: Alhaji, yaron ya fi kusa da gaskiya. A Turancin titi na Nijeriya “sharp” yabo ne, amma “sharp practice” wayo ne na cuta, wanda sau da yawa bai kai a kira ɗan sanda ba amma mutunci bai yarda da shi ba: a nuna samfuri mai kyau a aika da na ƙasa da shi, a ɓoye wani caji sai bayan an shirya, a rage yadi a cikin bandir. In gargaɗi ya yi tun kafin ciniki, ba zarginka ya yi ba tukuna. In bayan kaya sun isa ne, to ƙorafi ne, a kira shi a ji. “Malpractice” ta fi ta nauyi, saɓa ƙa'idar aiki ce da ake hukunci a kai, irin wadda dokar 1999 ta satar jarrabawa ta yi magana a kanta.

“Practise what you preach” daidai take a nahawu, da s domin umarni ce, kuma “preach” a nan ba sai wa'azin addini ba, duk abin da mutum ke hora wasu da shi. Amma gugar zana ce, ita ce “mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi” ta Bature, an faɗa wa mutum ido da ido. In ana son cinikin ya ɗore, a bar ta a aljihu. Wurin yabo kuwa ba ta da aibu: “He practises what he preaches”, mutum ne mai faɗa da cikawa.

Tambaya: Malamai, ni matsalata baki ce. Duk sanda na ce “Practice makes perfect” a aji sai a fashe da dariya, wai “fractice” na ce, wani lokacin kuma “perpect”. Yaya zan yi?
Wani ɗalibin jami'a, Katsina

Amsa: Ɗanmu, ba nakasa ba ce, gadon harshe ne. Hausa ba ta raba p da f. Sautin da muke rubutawa da f da leɓɓa biyu muke yin sa, shi ya sa a bakin wani yake fita kamar p, a Sakkwato da Nijar kuma yakan koma h ko hw. Yawancin kalmomin Turanci masu p da muka ara, f muka ba su: fensir, fasfo, famfo, fakiti, farfesa. Turanci kuwa sautuka biyu ne da ke canja ma'ana, kuma “perfect” ta haɗa su duka a kalma ɗaya, shi ya sa take kayar da mutane.

Bambancin a wurin haƙora yake. Wajen p, leɓɓa biyu ake rufewa ruf, a tara iska, a sake ta lokaci guda; ba ta jawuwa. Wajen f, haƙoran sama ake ɗorawa a kan leɓen ƙasa, iska ta riƙa fita ta tsakani. Za ka iya jan ta har numfashi ya ƙare. Nemi madubi da siririyar takarda. Riƙe takardar nesa da baki kamar faɗin yatsu uku. Ka ce “pan”, takardar ta yi tsalle. Ka ce “fan” kana kallon madubi, dole ka ga haƙoranka na sama a kan leɓe. In ba ka gan su ba, f ɗin Hausa ka yi.

Ka ɗauki kalmomi bibbiyu: “pan” da “fan”, “pull” da “full”, “pill” da “fill”, “pool” da “fool”, “copy” da “coffee”, “leap” da “leaf”. Kowane biyu sau 10, a hankali, minti 10 a rana ya isa. Mako na farko kalmomi kawai, na biyu a sa su a gajerun jimloli. Abin da yakan faru da wasu shi ne wuce gona da iri: tsoron f ya sa su mai da komai p, “fifty” ta koma “pipty”. Maganinsa ka ja layi a ƙarƙashin kowace f da kowace “ph” a abin da za ka karanta, domin “phone” da “physics” ma f ne.

Akwai matsala ta biyu da masu dariyar ba su ambata ba. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, sai mu cusa wasali a tsakani, kamar yadda “primary” ta zama firamare, “driver” ta zama direba. Haka “practice” mai gaɓa biyu take zama “firaktis”. Ka fara da “rack”, ka riƙe harshenka a wurin r ɗin, ka rufe leɓɓa a kansa, sannan ka buɗe: “prac”. Nauyin murya a gaɓar farko yake, a “practice” da “perfect” duka. In ka kai shi gaɓa ta biyu a “perfect”, ka mai da ita aikatau, wato gogewa ko kammala abu. Kada t ɗin ƙarshe ta faɗi, kuma “makes” da “meiks” take kama, ba “mes” ba.

Malaman harshe suna da wata magana da suka juya daga karin maganar, “practice makes permanent”: abin da ka maimaita shi ke zama, ko daidai ne ko kuskure. Shi ya sa a makarantar allo sai an biya wa malam ya gyara sannan a tafi tilawa. Ka buɗe ƙamus na intanet mai sauti, irin na Oxford ko Cambridge, ka danna furucin Ingila, ka naɗi muryarka a waya, ka saurari biyun a jere. Sannan sau ɗaya a mako ka ba wani wanda kunnensa ke rarrabe sautukan biyu jerin kalmomin, ya juya maka baya, ka faɗi ɗaya daga kowane biyu, shi kuma ya rubuta wadda ya ji. Ranar da ya rubuta goma daidai cikin goma, sai ka koma kan cikakkiyar jimlar.